Yadda Ake Ɗaukar Samfurin Kifin Ruwan Daɗi da Tsutsotsinsa Domin Binciken DNA

Tambaya ɗaya ce ta fi dawo mini daga ɗalibai da masu sha'awar binciken kifi. Mutum yana so ya gano ko kifin wannan kogi da na wancan tsatsonsu ɗaya ne, ko tsutsar da ke cin su iri ɗaya ce, amma bai san ta inda zai kama ba. Yawancin masu tambayar hankalinsu yana kan ɗakin gwaji da na'urorinsa. Ni kuwa abin da na sha gani shi ne, aikin da zai lalace tun a bakin ruwa yake lalacewa, sai dai ba a ganewa sai bayan watanni, lokacin da kuɗi sun riga sun tafi. Saboda haka a bakin ruwan za mu fi daɗewa. Tsutsotsi, ƙwarƙwatar kifi da sauran halittun da ke rayuwa a jikinsa suna ci daga gare shi, duk zan haɗa su in kira su farasayit, kamar yadda masana ke faɗa.

1. Izini da zaɓen wurare

Kafin ka jiƙa koma, ka nemi izinin kama kifi domin bincike daga hukumar da ke kula da ruwan, da amincewar kwamitin kula da dabbobin gwaji idan kana ƙarƙashin wata cibiya. Idan samfurin zai tsallaka iyakar ƙasa, akwai Yarjejeniyar Nagoya, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014. Ita ta tanadi cewa sai ƙasar da aka ɗauki halitta ta yarda, an kuma daidaita kan yadda za a raba amfanin binciken. Takardun nan suna cin lokaci, ka fara nemansu da wuri.

Wajen zaɓen wurare, kada ka bi nisan hanyar mota, ka bi ruwan. Ƙoramu biyu na iya zama kusa da juna amma kowace tana zuba cikin babban kogi dabam, kifayensu sun yi dubban shekaru ba su haɗu ba. Ka ɗauki samfuri sama da ƙasan duk wani shinge, kamar gangaren ruwa mai tsayi ko madatsa, da kuma rassa dabam-dabam na kogi ɗaya.

Kifi nawa? Domin auna bambancin ƙwayoyin gado, a saba da 20 zuwa 30 na nau'i ɗaya a kowane wuri. Na farasayit kuwa lissafi ne: idan kifi 10 cikin 100 ne ke ɗauke da tsutsa, sai ka duba wajen 30 kafin ka sami tabbacin kashi 95 cikin 100 cewa za ka ci karo da ita ko sau ɗaya. Idan 5 cikin 100 ne, sai ka duba 60. Wanda ya fiɗe kifi 6 ya ce babu tsutsa a kogin, bai faɗi komai ba.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Ka tanadi itanol (tsantsar barasa ta ɗakin gwaji) mai ƙarfin kashi 96, fomalin (sinadarin hana nama ruɓewa), ruwan gishiri mai kashi 0.9, ƙananan kwalaben roba masu murfin murɗawa na mililita 1.5 ko 2, hantsaki mai siririn baki, ƙaramin almakashi, askar tiyata, alluran fiɗa, farantan gilashi, silaid da murfinsa, safar hannu, bilic, fensir, takarda mai jure ruwa, ma'aunin tsawo, sikeli, bokitai, ƙaramin famfon iska mai batir da kula ta ƙanƙara. Maikuroskof biyu ake so: mai ido biyu na fiɗa, da mai ƙarfi na duba silaid.

Maikuroskof ya fi komai tsada, amma ana iya aro. Kuɗin da ba ya aruwa shi ne na sufuri da na karanta DNA, wanda ake biya bisa kowane samfuri. Kwalabe da itanol su ne mafi arha a cikin lissafin, kuma a nan ne mutane suka fi son yin tsimi.

Gargaɗi: kada ka sayi sifirit ɗin da aka gauraya da wasu sinadarai, irin na goge rauni ko kunna wuta, da sunan ai duk barasa ce. Ba ka san abin da aka zuba a ciki ba, ba ka kuma san ainihin ƙarfinsa ba. Haka kwalba mai murfin dannawa: itanol yana tsiyayewa ko ya bi iska, ka buɗe bayan wata uku ka tarar da busasshen nama.

3. Kama kifi da rubuta wuri

Da rai ake son kifin. Birgi, koma ko tarkon gura sun fi ragar da ake kwana da ita a ruwa, domin raga tana goge fatar kifi, kifin kuma yakan mutu a cikinta. Kifin da aka saya a kasuwa ba ya shiga wannan aiki, ko da sabo ne, tunda ba ka da tabbacin ruwan da ya fito. Idan da masunta kake aiki, ka shiga jirgin tare da su ko ka tsaya inda za ka ga wurin da aka jefa.

Ka zuba kifin cikin ruwan wurin da aka kama shi, ka sa famfon iska. Kowane nau'i da bokitinsa, kowane wuri da nasa. Dalili: tsutsar Gyrodactylus, wadda ke zama a fata da fiffike, ba ƙwai take yi ba, haihuwa take yi, kuma tana tsallakawa daga kifi zuwa kifi da zarar sun gogi juna. Ka haɗa karfasa da tarwada a bokiti ɗaya na 'yan awoyi, kana iya rubuta wa tsutsa gidan da ba nata ba.

Tun kana tsaye a wurin ka ɗauki lambobin GPS bisa tsarin WGS84, da lamba biyar bayan ɗigo, wanda ke kai ka kusan mita ɗaya daga inda ka tsaya. Ka rubuta kwanan wata, sunan ruwan, babban kogin da yake zubawa, abin da aka yi kamun da shi, zafin ruwa, da ko akwai gonar kifi a kusa. Wannan na ƙarshe zai yi maka rana a mataki na 11.

Gargaɗi: ruwan daɗi a ƙasashe masu zafi na iya ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke huda fatar mutum. Ka sa dogon takalmin roba da safar hannu. Ka kuma kula da ƙayar kurungu da danginsa.

4. Lamba

Kowane kifi da lambarsa guda, wadda ba za a sake ba wani ba har abada, misali KG01-007, wato wuri na ɗaya, kifi na bakwai. Duk abin da ya fito daga jikinsa yana gadon lambar: KG01-007-P1, KG01-007-P2. Da fensir za ka rubuta a guntuwar takarda mai jure ruwa, ka jefa ta cikin kwalbar, sannan ka sake rubutawa a waje.

Na taɓa dogara da rubutun alƙalamin maka a bayan kwalba kawai. Kwalba ɗaya ta tsiyaye a cikin jaka, itanol ya wanke rubutun sauran tas. Naman yana nan lafiya lau, DNA ɗinsa ma haka, amma ba wanda ya san na wane kogi ne. Zubar da shi aka yi.

5. Kashe kifi, hoto da awo

Kifi ɗaya-ɗaya ake kashewa, sai an gama da na farko a taɓa na biyu. Hanyar da ta fi dacewa da aikin farasayit ita ce bugu ɗaya mai ƙarfi a ka, sannan a yanke lakar baya daidai bayan kai. Ana amfani da man kanumfari ko sinadarin MS-222 wajen sumar da kifi, amma su ma farasayit na waje suna suma su saki jikinsa. Idan dokar cibiyarka ta tilasta maka amfani da su, ka tace ruwan da aka sumar da kifin ka duba abin da ya zauna.

Al'adar masana ita ce a ɗauki hoton kifi ta gefensa na hagu, kansa yana kallon hagu. Don haka hagu na hoto ne da ajiya, dama na yanka ne. Ka shimfiɗa shi a jiƙaƙƙen faranti, ka buɗe fiffikensa, ka ajiye ma'auni da takardar lambarsa a cikin hoton. Ka yi sauri, launin kifi yana gushewa cikin mintoci. Ka auna tsawo daga baki zuwa gindin wutsiya, da kuma zuwa ƙarshenta, sannan nauyi.

6. Binciken waje: fata, fiffike da mashaƙa

Nan ne gaggawa take, domin farasayit na waje su ne farkon mutuwa ko guduwa. Da ido za ka fara: ƙwarƙwatar kifi, Argulus, faffaɗa ce tana yawo a fata. Lernaea kuwa kamar zare take, ta kafa kanta cikin tsoka. Kada ka fizge ta, ka yanko ta da naman da ke kewaye, domin da siffar kan ake gane nau'inta.

Sannan ka ɗauki murfin silaid ka kankaro yauƙin fata a hankali daga kai zuwa wutsiya ta gefen dama, ka sa a silaid da ɗigon ruwan wurin, ka duba nan take. A nan za ka ga Trichodina tana juyi kamar faifai, ko Ichthyophthirius mai sa wa kifi fararen ɗigo. Ruwan da za ka ɗiga ya zama tacacce, kada ka sa ruwan famfo mai kulorin ko ruwan gishiri, za su kashe su.

Sai mashaƙa, wato jajayen yaduddukan da ke ƙarƙashin murfin kunci, waɗanda kifi ke numfashi da su. Ka yanke murfin dama, ka ciro su ɗaya bayan ɗaya, guda huɗu ne a kowane gefe, kowace a farantinta da ruwa. Ka tsefe su da allura a ƙarƙashin maikuroskof na fiɗa. Tsutsotsin da ke nan, irin su Dactylogyrus a dangin kifin kaf (carp) da Cichlidogyrus a karfasa, yawanci ba su kai milimita ɗaya ba, kuma launinsu ya saje da nama. Motsinsu ne ke tona musu asiri, shi ya sa ake duba su da rai. Ka ƙirga, ka rubuta a wace mashaƙa aka sami kowace.

Idan kifi ya yi maka yawa, ka jefa mashaƙar gaba ɗaya cikin itanol ka duba daga baya. Za ka sami tsutsotsin, amma sun ƙanƙance sun taurare, aikin zai ninka.

7. Samfurin DNA na kifin

Ka yanki guntun fiffiken dama, na ƙirji ko na ciki, kamar milimita 5, ka sa a itanol mai kashi 96. Itanol ya ninka naman aƙalla sau goma. Masu farawa suna ganin yawan nama shi ne alheri, alhali ruwan da ke cikin naman yana fita ya salamce itanol ɗin, tsakiyar ta ruɓe. Bayan awa 24 ka zubar da itanol na farko ka zuba sabo. Ka yi kwalba biyu ga kowane kifi, ka ajiye su wuri dabam-dabam.

Gargaɗi: tsakanin kifi da kifi ka tsoma almakashi da hantsaki a bilic da aka sirka ɗaya cikin goma, ka ɗauraye da ruwa mai tsabta sosai, ka goge. Itanol ba ya lalata DNA, adana shi yake yi, don haka goge kaya da shi kaɗai ba ya hana DNA na kifin farko bin ka zuwa na biyu. Ɗaurayar ma wajibi ce, ragowar bilic zai cinye samfurin. Kuma kada kayan da suka taɓa fomalin su kusanci wannan teburi.

8. Fiɗa

Ka tsaga ciki daga dubura zuwa ƙirji ba tare da huda hanji ba. Kafin ka taɓa komai ka duba kogon cikin: tsutsar Ligula takan cika shi fal, 'ya'yan Contracaecum kuma suna naɗe a jikin kayan ciki. Ka rubuta namiji ne ko mace. Ka ciro kowace gaɓa a farantinta da ruwan gishiri: hanta, saifa, matsarmama, ƙoda, jakar iska, tumbi da hanji. Hanji a tsaye ake tsaga shi, a hankali, da bakin almakashi yana kallon sama, in ba haka ba ka datse tsutsa gida biyu. Tsutsa mai kama da kintinkiri idan babu kanta ba a iya gane ta da siffa, ka bi ta har inda ta kafa kai.

Kada ka manta ido. Ka fasa ƙwayar idon dama a silaid, a nan 'ya'yan Diplostomum ke zama. Ka kuma yanka tsoka ka duba ƙulli-ƙullin rawaya na Clinostomum.

Kifin da ba ka sami komai a jikinsa ba, ka rubuta sifili a gabansa. Ba a barin gurbi fanko, domin gobe ba za ka tuna ko ba a samu ba ne ko ba a duba ba.

9. Raba kowane farasayit gida biyu

Wannan shi ne matakin da ke raba aiki mai daraja da tarin kwalabe. Siffa tana son fomalin, DNA yana son itanol, kuma fomalin yana lalata DNA. Mafita ita ce tsutsa ɗaya ta ba da duka biyun.

Babbar tsutsa, ka wanke ta a ruwan gishiri har ƙazantar hanji ta fita, ka yanki ɗan guntu daga tsakiya ko gefen da ba a buƙata wajen ganewa, ka sa a itanol mai kashi 96. Ragowar, mai kai da wutsiya, ita ce shaida. Faffaɗan tsutsotsi ana zuba musu ruwan gishiri mai zafi dab da tafasa domin su miƙe, sannan a sa su a fomalin. Masu kama da zare ana kashe su a itanol mai kashi 70 da aka ɗumama, kuma a cikin ruwan zafi ake ɗumama kwalbar, ba a kan wuta ba. Masu ƙayar kai kuwa a bar su su kwana cikin ruwa zalla mai sanyi har su fito da kan, domin ƙugiyoyin da ke jikinsa ake ƙirgawa.

Ƙananan tsutsotsin mashaƙa da fata sun fi wuya. Da allura ake datse su: ɓangaren baya mai ƙugiyoyi a ɗora a silaid cikin ruwan Hoyer ko haɗin gilisarin da amoniyam fikret, sinadaran da ke fito da siffar ƙugiyoyin, ragowar jiki ta tafi kwalba. A Dactylogyrus da Cichlidogyrus ana buƙatar al'aurar namiji ma wajen ganewa, don haka ka ɗauki hoton tsutsar sosai kafin ka yanka. Hannu sai ya saba, za ka ɓatar da goma kafin ka iya ɗaya.

Gargaɗi: tsutsa ɗaya, kwalba ɗaya. Kifi guda na iya ɗauke da nau'i uku ko huɗu masu kama da juna a mashaƙa ɗaya. Ka haɗa su, sakamakon DNA zai fito a cakuɗe ba ya karantuwa.

10. Kifin shaida, adanawa da aikawa

Daga kowane wuri ka ware kifi biyu ko uku da ba a fiɗe ba, an dai yanki fiffikensu na DNA. Ka sa su a fomalin mai kashi 10 na kimanin mako guda, manya a yi musu allurarsa a ciki, sannan a jiƙa a ruwa a mayar cikin itanol mai kashi 70. A ba gidan adana halittu na wata jami'a ko cibiya. Fomalin guba ne, a sarari ake aiki da shi, da safar hannu da tabarau.

Kwalaben DNA su zauna a inuwa cikin kula, da an dawo su shiga firiza mai awo 20 ƙasa da sifili. Idan za a aika ta jirgin sama, itanol abu ne mai kamawa da wuta. Ƙa'ida mai lamba A180 ta IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta yarda da mililita 30 a kowace kwalba da lita 1 a kwali guda, da sharaɗin naɗi na musamman.

11. Ɗakin gwaji da karanta sakamako

Ga kifi, yankin DNA da aka saba karantawa shi ne COI, mai haruffa kusan 650, wanda Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003 a matsayin shaidar gane nau'in dabba. Ga tsutsotsi an fi farawa da yankunan 28S, 18S ko ITS, sannan COI idan ana son bambanci tsakanin wurare. Kada ka aika duka lokaci guda. Ka gwada kamar goma, ka ga sun fito, sannan ka biya na sauran. A kowane zagayen PCR, wato ninka DNA kafin a karanta shi, a sa kwalba ɗaya da babu samfuri a ciki. Idan ta nuna wani abu, gurɓata ta shiga, a sake.

Da sakamako ya zo ka gwada shi a GenBank da BOLD, rumbunan jeren DNA na intanet. Idan na tsutsa ya fito da sunan kifi, DNA na mai gida ka karanta, wankin bai yi ba. Idan ya dace da wani suna, kada ka rungume shi ido rufe, rumbunan nan suna da samfuran da aka sa wa suna bisa kuskure.

COI yana da makafin wurare biyu. Na ɗaya, ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, don haka ba ya nuna barbarar yanyawa. Karfasar Nilu, Oreochromis niloticus, an kai ta ƙasashe da dama domin kiwo, tana tserewa daga gonaki tana barbara da danginta na asali irin su Oreochromis mossambicus. Kifin da ka kama kusa da gona na iya zama ruwa biyu alhali COI ya ba shi suna ɗaya. Na biyu, ba ya raba nau'o'in da suka rabu kwanan nan, kamar ɗaruruwan ƙananan dangin karfasa na Tafkin Biktoriya. A irin wannan sai an ƙara da alamomin da ake gada daga uwa da uba.

12. Lissafi da taswira

Ga kowane wuri da kowane farasayit ka fitar da abu uku: kashi nawa na kifin ke ɗauke da shi, matsakaicin adadinsa a jikin waɗanda suka kamu kaɗai, da matsakaicinsa idan an haɗa da waɗanda ba su kamu ba. Kada ka gauraya na biyu da na uku, kuskure ne da ya zama ruwan dare. Sauran aikin na manhajojin kwamfuta ne: jeren DNA ka daidaita shi a MEGA, ka ƙirga ire-irensa a DnaSP, ka zana dangantakarsu a PopART, ka ɗora a taswirar koguna a QGIS.

Sai ka ajiye taswirar kifi kusa da ta tsutsa. Idan sun rabu a wurare iri ɗaya, alama ce sun daɗe tare. Idan kifin ya rabu kogi-kogi amma tsutsar iri ɗaya ce ko'ina, ka tambayi wa ke ɗaukar ta. Diplostomum, Clinostomum da Ligula a jikin tsuntsaye masu cin kifi suke balaga, tsuntsu kuwa ba ruwansa da madatsa. Wani lokaci kuma mutum ne. Gyrodactylus salaris ta shiga kogunan Norwe a shekarun 1970 tare da 'ya'yan kifin salmon da aka shigo da su daga yankin Baltik, inda salmon ke iya jure mata, ta yi wa na Norwe mummunar ɓarna. Tsutsar hanji Schyzocotyle acheilognathi ta Gabashin Asiya ma haka ta bi kifin kaf na kiwo ta bazu a nahiyoyi. Farasayit ɗin da ya bayyana da iri ɗaya tak a wurare masu nisa, babu bambanci ko kaɗan, sau da yawa baƙo ne da bai daɗe da zuwa ba.

Lokacin saka jeren a GenBank ko BOLD, ka haɗa kowanne da lambar kifin, lambobin GPS, lambar shaidar da ke gidan ajiya, da sunan kifin da aka ciro tsutsar daga jikinsa.